Shiga Ƙungiyar NHS a Sakandaren Amurka: Tambayoyin Iyaye da Amsoshinsu

Duk shekara, da zarar makarantu sun fara raba takardun gayyatar shiga ƙungiyar NHS, sai wayata ta hana ni sakat. Wata uwa za ta ce an ba ɗiyarta fom mai shafi huɗu, ba ta san me za a cike ba. Wani uba zai kira ransa a ɓace, ya ce ɗansa bai taɓa kawo ƙasa da B gida ba, amma an ɗauki yaron da bai kai shi ƙoƙari ba, an bar shi. Ni ma na taɓa tsayawa a inda suke, don babbar ɗiyata ba ta samu shiga a karon farko ba. Abin da na koya daga nan, da abin da na karanta a dokokin ƙungiyar, shi na tattara don iyayen da ke da yara a sakandaren Amurka, da masu shirin kawo su.

Wai mece ce NHS ɗin nan da yara ke ta magana a kai?

Cikakken sunanta National Honor Society, ƙungiya ce ta karrama ɗaliban sakandare da suka haɗa ƙoƙarin karatu da halin kirki. Ba ta da alaƙa da hukumar lafiya ta Birtaniya da muke ji a labarai, baƙaƙen sunan ne kawai suka zo ɗaya. Ƙungiyar shugabannin makarantun sakandare ta Amurka, wato NASSP, ce ta kafa ta a 1921, kuma reshen farko ya tashi ne a makarantar Fifth Avenue da ke Pittsburgh, ƙarƙashin shugabanta Dokta Edward Rynearson. Yau tana da rassa a duk jihohi 50 har da wasu makarantu a wajen ƙasar, ɗaliban da ke cikinta sun haura miliyan ɗaya.

Ginshiƙanta huɗu ne: ilimi, hidima, shugabanci, da hali. Ku riƙe wannan lissafi da kyau, domin kusan duk rigimar da ake yi a kan shiga ƙungiyar ta samo asali ne daga iyayen da suka ga ginshiƙi na farko suka ɗauka shi ke nan.

Daga wane aji ake ɗauka?

Daga aji 10 zuwa 12, kwatankwacin SS1 zuwa SS3 a Najeriya, ko azuzuwan lise uku a Nijar. Ɗan aji 9 ba ya shiga ko da makinsa ya kai sama. Wasu makarantun ma sai aji 11 suke farawa, kuma doka ta ba su wannan dama. Akwai kuma sharaɗin cewa yaro ya yi aƙalla rabin shekarar karatu a makarantar kafin a duba sunansa, don malamai su san shi.

Ƙananan yara suna da nasu: NJHS, wadda aka kafa a 1929, ta 'yan aji 6 zuwa 9 ce, sai ta 'yan firamare da ta zo a 2008. Zama ɗan NJHS ba ya buɗe wa yaro ƙofar NHS kai tsaye. Sabon zaɓe ake yi.

Maki nawa ake buƙata?

Mafi ƙaranci a dokar ƙasa shi ne matsakaicin maki, wanda suke kira GPA, na 3.0 bisa 4.0, wato B, ko 85 cikin 100. Amma kowane reshe yana da ikon ɗaga nasa, abin da ba shi da iko shi ne saukar da shi. Shi ya sa za ku ji makarantar ɗan ƙawarku tana neman 3.0, taku kuma tana neman 3.5 ko sama. Kada ku yi aiki da abin da kuka ji a bakin maƙwabta. Dole ne kowace makaranta ta bayyana sharuɗɗanta a rubuce, galibi a littafin dokokin ɗalibai ko a shafinta na intanet. Ku nemi wannan takarda tun yaro yana aji 9.

Yaya ake lissafa GPA ɗin?

A tana da 4, B 3, C 2, D 1, F kuma babu komai. Yaron da ya ɗauki darussa shida masu nauyi ɗaya, ya samu A biyu, B uku, C ɗaya, ya tara 19. A raba gida shida, ya tashi da kusan 3.17.

Inda gizo ke saƙar shi ne, ba makin zangon da ake ciki kaɗai ake dubawa ba, tarawa ake yi, yawanci tun daga aji 9. Yaron da ya yi wasa a shekarar farko ya tashi da 2.5, sai ya kawo 3.5 a aji 10 kafin ya taɓa 3.0. Na ga yara da yawa da suka farga a makare, suna ta ƙoƙari a aji 11 amma makin aji 9 yana jan su ƙasa kamar dutse a wuya. Idan akwai shekarar da ya kamata uwa ta sa ido sosai, ita ce wannan ta farkon, lokacin da yaro ke ganin saura da nisa.

Wasu makarantu suna ƙara wa darussa masu wuya nauyi, irin na AP, wato darussa masu matakin jami'a da ake ɗauka tun a sakandare, inda A ke zama 5. Ku tambayi wane lissafi reshenku ke bi.

Ɗana ya cika makin, me ya sa ba a ɗauke shi ba?

Saboda maki ƙofar zaure ce kawai, ba cikin gida ba. Cika maki yana sa a aiko wa yaro gayyata ya cike fom, ya bayyana ayyukansa. Daga nan sai zance ya koma hannun kwamitin malamai biyar da shugaban makaranta ya naɗa. Malamin da ke kula da reshen yana zama da su a matsayin na shida, amma ba ya jefa ƙuri'a. Shugaban makaranta ba ya cikin kwamitin, ɗalibai ma ba su da ƙuri'a. Duk yaron da ya samu rinjaye, wato uku cikin biyar, ya shiga.

Ku lura da abin da wannan ke nufi. Ba wani ofishi a Washington ke zaɓe ba, ba kuma kwamfuta ba. Mutum biyar ne a ɗaki ɗaya, da tarin fom a gabansu, wataƙila biyu daga cikinsu ba su taɓa koyar da ɗanku ba. Abin da ke rubuce a takarda, da abin da sauran malamai suka faɗa a kansa, da shi za su yanke hukunci. Abin da ba a rubuta ba, a wurinsu bai faru ba.

Nan ne ɗiyata ta faɗi. Makinta ya wuce abin da ake nema da nisa. Amma da ta zo gurbin hidima da na shugabanci, layi biyu ta rubuta ta miƙa. Da na tambaye ta daga baya, sai ta ce, "Mama, to ni me nake yi?" Yarinyar da duk Asabar take koya wa ƙananan yara baƙi da wasali a Islamiyya, take raka tsofaffin unguwarmu asibiti tana yi musu tafinta. Ba ta ɗauki ko ɗaya a matsayin abin faɗa ba. Ni ma da na haife ta ban taɓa ce mata abin faɗa ne ba, laifin namu ne mu biyu.

Me ake ƙirgawa a matsayin hidima?

Duk aikin da yaro ya yi don amfanin jama'a, da ganin damarsa, ba tare da an biya shi ba. Abin da yaran Amurka suka saba rubutawa shi ne aiki a rumbun rabon abinci, taimako a laburare, sharar filin shaƙatawa, koyar da ƙananan ɗalibai lissafi. Amma ku duba rayuwar yaranmu. Rabon abincin buɗa-baki a masallaci wata guda cur. Shirya kujeru da kwashe shara ranar Sallah. Tattara tufafin sanyi ga baƙin da suka iso cikin hunturu da riga shara-shara. Cike wa dattijon da bai iya Turanci ba takardun asibiti. Duk wannan hidima ce, kuma ta fi ta wasu nauyi.

Abu uku za a kiyaye. Na farko, a rubuta tun ranar da aka yi: kwanan wata, awa nawa, wane aiki, sannan babban da ya ga an yi ya sa hannu, liman ne ko shugabar Islamiyya ko shugaban ƙungiyar gari. Ƙaramin littafi ya isa. Na biyu, rassa da yawa ba sa karɓar aikin da aka yi wa dangi na jini, kamar rainon ƙanne ko taya uba zaman shago, kuma ba sa karɓar sa hannun iyaye. Na uku, wasu suna bambanta ibada da hidima: zuwa salla ko hadda ba hidima ba ce a ma'auninsu, amma ciyar da mabuƙata a harabar masallaci hidima ce. Idan kuna shakka, yaro ya je ya tambayi malamin reshen kafin ya cike fom. Matambayi ba ya ɓata.

Dokar ƙasa ba ta yanke adadin awoyi ba, kowace makaranta ke sa nata. Shawarata ita ce aiki ɗaya ko biyu da yaro ya daɗe yana yi ya fi ayyuka goma na yini guda-guda da aka tara wata biyu kafin zaɓe. Malamai suna gane na gaggawa.

Ba riya ba ce yaro ya zauna yana lissafa alherin da ya yi?

Wannan tambaya ta fi kowacce taɓa ni, don daga wuri mai kyau take fitowa. An raine mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, kuma sadakar da hannun hagu bai san da ita ba ta fi lada. Ba na so yaranmu su rasa wannan. Ƙasar nan cike take da masu tallan kansu, ba na fata mu ƙara yawansu.

Sai dai akwai bambanci tsakanin mai tsayawa a taro yana ba da labarin kansa ba a tambaye shi ba, da wanda hukuma ta tambaya a rubuce, "Me ka yi?" ya amsa da gaskiya. Na biyun shaida yake bayarwa. Mai neman aiki yana faɗin ƙwarewarsa, ba wanda ke ce masa mai riya. Niyyar aikin tana tsakanin yaro da Ubangijinsa tun ranar da ya yi shi. Abin da nake ce wa yara shi ne: kada ka ƙara ko awa ɗaya, kada ka rage ko awa ɗaya, ka bar kalmomin kambamawa, ka faɗi abin da ya faru. Idan zuciyar uwa ko uba ba ta kwanta ba, su tambayi malamin da suka amince da iliminsa. Amma kada kunya ta sa a bar gurbi fayau, a wayi gari malamai biyar suna zaton yaron da ya fi kowa hidima a unguwa ba ya tsinana wa kowa komai.

Ɗiyata mai kunya ce, ba ta taɓa riƙe muƙami ba. Ina za ta samo shugabanci?

Shugabanci a wurinsu bai tsaya ga zama shugabar aji ko kyaftin ɗin ƙwallo ba. Wadda aka ba ta ajin yara takwas a Islamiyya shugaba ce. Wanda ya haɗa abokansa huɗu suna bitar kimiyya kafin jarrabawa, shi ke tsara lokaci, shugaba ne. Wadda ta je ofis ta nema wa ɗalibai Musulmi ɗakin sallar azahar har aka ba su, ta yi shugabancin da ya fi na mai muƙami. A fom ɗin, maimakon ta rubuta "ina taimakawa", ta faɗi yara nawa, tun yaushe, me ya canja.

Akwai kuma abin da ya kamata mu fahimta game da aji a Amurka. Ladabin da muka koya wa yara, na sunkuyar da kai da yin shiru gaban babba, malami Ba'amurke yana iya fassara shi da rashin sha'awa. Ba cewa na yi yaro ya zama mai tsaurin ido ba. Ya ɗaga hannu ya yi tambaya, ya gai da malami, ya bari a san muryarsa.

Yaya suke auna hali?

Ta rahoton malamai da tarihin ladabtarwa na makaranta: dakatarwa, faɗa, yawan latti, tsallake aji, cin zalin wani a fili ko a intanet. Abin da ya fi kashe yara masu ƙoƙari shi ne satar amsa, kuma ma'anarta a nan ta fi faɗi fiye da yadda muka sani a gida. Ba wa aboki aikin gida ya kwafa laifi ne a kan mai bayarwa da mai karɓa. Ɗauko sakin layi daga intanet ba tare da faɗin inda aka samo ba laifi ne. Yaranmu masu tausayi sukan faɗa wannan rami da sunan taimako.

Ya kamata kwamiti ya dogara da abin da aka tabbatar, ba jita-jita ba. Kuskure ɗaya a aji 9 ba lalle ya rufe ƙofa ba, musamman in yaro ya amsa laifinsa kuma an ga canji.

Mun iso Amurka kwanan nan. Sai mai takardar zama ɗan ƙasa ke shiga?

A'a. Zama ɗan ƙasa ba ya cikin sharuɗɗan ƙungiyar, ɗalibin makarantar kawai ake nema. Abin da zai iya jinkirta sabon zuwa shi ne sharaɗin rabin shekarar nan, da yadda za a juya makinsa na gida zuwa ma'aunin Amurka. Ku taho da cikakken sakamakon kowane zango mai hatimin makaranta, wanda ke da Faransanci a fassara shi, ku zauna da mai ba ɗalibai shawara ku ga yadda ya shigar da shi.

Ɗaliban musaya da ke zuwa na shekara ɗaya, irin waɗanda suka zo daga arewacin Najeriya ta shirin YES, dokar ƙungiyar ta ba reshe damar ba su matsayin girmamawa.

Nawa ake biya? Mun samu wasiƙa ana neman kuɗi.

Makaranta ce ke biyan kuɗin rajistar reshenta duk shekara. Idan reshe yana karɓar kuɗi daga ɗalibai, doka ta ce kada ya wuce dala 20 a shekara, kuma bai kamata rashin kuɗi ya hana yaro shiga ba. Wanda ba shi da hali ya sanar da malamin reshen a keɓe.

Gayyatar NHS daga cikin makaranta take fitowa, ta hannun malamin da yaro ya sani. Wasiƙa mai ado da ta zo ta gidan waya ko imel tana neman ku biya kafin a sa sunan yaro, daga wata ƙungiya ce daban. Akwai NSHSS, misali, wadda aka kafa a 2002, sunanta ya yi kama sosai amma ba ita ba ce, kuma ita ana biyan kuɗin shiga. Kafin ku ciro katin banki, ku kai wasiƙar makaranta ku tambaya.

An ce ana kunna kyandir a bikin shiga. Ba wani abin addini ba ne?

Ba ibada ba ce. A yawancin makarantu ana kunna kyandir huɗu, kowanne a madadin ginshiƙi ɗaya, ɗalibai su karanta alkawarin riƙe waɗannan ɗabi'u, a ba su takardar shaida ko ɗan lamba na maƙalawa a riga. Makarantun Musulunci masu rajista ma suna iya buɗe reshe. Ku je bikin, ku sa kayanmu na gida. Yaro ba ya zama cikakken ɗan ƙungiya sai an yi masa wannan biki, don haka in ya ci karo da Sallah ko tafiya, a sanar tun da wuri.

Ba a ɗauke shi ba. Za mu iya ɗaukaka ƙara?

A cikin makaranta, e. Hedikwatar ƙungiyar ba ta sake duba hukuncin kwamitin malamai, don haka rubuta mata ɓata lokaci ne. A fara da malamin reshen, kuma yaron ne zai je da kansa, ya tambaya cikin ladabi wane ginshiƙi ne ya gaza. Idan akwai kuskure na zahiri, kamar an lissafa maki ba daidai ba ko takarda ta ɓata, sai a je wurin shugaban makaranta. Idan kuwa kuna da hujjar cewa an ware yaro ne don addininsa, launinsa, jinsinsa ko naƙasa, wannan ya wuce batun ƙungiya, ya shafi dokar ƙasa, sai a kai ga hukumar ilimi ta gunduma.

In ba haka ba, a jira zagaye na gaba. Wanda bai samu a aji 10 ba yana iya samu a 11 ko 12 muddin makinsa bai sauka ba. Ɗiyata a karo na biyu ta shiga, ba ta ƙara wani sabon aiki ba, ta dai rubuta waɗanda take yi.

Da an shiga shi ke nan?

A'a. Dole ya riƙe makin da aka ɗauke shi da shi, ya halarci taruka, ya shiga aikin hidima na reshe, ya kuma yi nasa na kansa. Wanda ya sauka akan ba shi gargaɗi a rubuce da lokacin gyarawa, sai dai in babban laifi ne. Kafin a kori ɗalibi, yana da haƙƙin ya bayyana gaban kwamiti ya kare kansa. Wanda aka kora, ko ya ajiye da kansa, ba ya sake komawa har abada, saboda haka kada yaro ya rubuta takardar ajiyewa cikin fushi.

Idan kun canja gari, ya karɓi wasiƙa daga tsohon shugaban makaranta ko malamin reshe. Sabon reshe zai karɓe shi, sannan ya ba shi lokaci ya cika sharuɗɗansa.

Tana taimakawa wajen samun jami'a?

Tana taimakawa, amma kada a ɗora mata abin da ba za ta iya ɗauka ba. Manyan jami'o'i suna ganin dubban masu NHS duk shekara, sunan kaɗai ba ya bambanta yaro. Abin da ke bambanta shi shi ne aikin da ya kai shi ciki. Littafin nan na awoyin hidima zai sake amfani a fom ɗin Common App, wato fom ɗaya na neman shiga jami'o'i da yawa, inda ake da gurbin ayyuka goma da na karramawa biyar. A can ma har ɗawainiyar gida tana da gurbinta, don haka rainon ƙanne da zaman shago da reshe ya ƙi karɓa, jami'a za ta saurara.

Ƙungiyar tana kuma ba da tallafin karatu tun 1946, ga 'yan aji 12 da ke cikinta. A shekarun baya-bayan nan tana raba dala miliyan 2 ga ɗalibai 600, na kan gaba ya samu dala 25,000.

Makarantarmu ba ta da reshe. Sai yaya?

Yaro ba ya shiga NHS shi kaɗai daga waje, sai ta makarantarsa. Iyaye suna iya roƙon shugaban makaranta ya nemi buɗe reshe, abin da ake buƙata shi ne malamin da zai ɗauki nauyi da kuɗin rajista. Kafin nan, a duba ko akwai wasu: Beta Club, wadda ta faro a 1934 kuma ta fi ƙarfi a jihohin kudu, Mu Alpha Theta ta masu lissafi, Quill and Scroll ta masu aikin jaridar makaranta. Jami'o'i suna karɓar bayanin kowace makaranta tare da sakamakon ɗalibi, ba kuma sa riƙe yaro da laifin rashin abin da makarantarsa ba ta da shi.